Ma'aikatar Jira

Tun kuna ƙanana kuke ji a gidajen dangi cewa kakanku ya hana ni shugabancin ofishin ƙungiya don ya rama abin da na yi masa. Goggonku ma ta sake tayar da zancen ranar sunan jikata, 'yar Sadiya, tana tsammanin kunnena ya yi nauyi. Kunnena lafiyarsa ƙalau, gwiwa ce kawai ta ci amanata. Tunda waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, bari in rubuta muku yadda aka yi, kowa ya huta. Sunansa dai ba za ku gani a nan ba. Ban kama shi da bakina yana raye ba, ba kuwa zan kama shi da biro ba. Bappa duk gari ke ce masa, ni ma haka zan ce.

Da aka ba mu jiha, Jalingo ta cika kamar an kwance bakin buhu. Ma'aikata suka taso daga Yola da katifu a kan mota, samari suka gangaro daga Zing da Lau da ƙauyukan kan dutse, kowa da takardunsa a cikin leda. Ƙungiyar Bappa ta girmi jihar. Shi da abokinsa Fasto Bitrus da wasu 'yan kasuwa suka kafa ta, Musulmi da Kirista, don majinyatan asibiti da ba su da kowa. Mukan kai musu abinci, mu ɗauko marasa lafiya daga ƙauye a wata tsohuwar a-kori-kura, idan baƙo ya rasu mu yi masa sutura. Ofishinmu ɗaki biyu ne a unguwar Mayo Gwoi, da mangwaro a ƙofa. Ni ce mai tafireta, ni ce mai rubuta abin da kwamiti ya tattauna, ni ce mai shara idan mai shara ta yi fashi. Da wasu Turawa suka fara tallafa mana, sai labari ya bazu cewa da dala muke biyan albashi. Albashinmu ko na ƙaramar hukuma bai kai ba, amma wa zai saurare ka? Masu neman aiki suka yo mana ca.

Sai kun san Bappa kafin ku gane sauran. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ba tsoro ba ne, don na ga ya tsaya a gaban soja bai ƙifta ba. Kunya ce irin ta gidan da ya tashi, inda duban idon mutum ka ce masa babu ya fi zagi muni. Duk wanda ya shigo neman aiki, sai ya ba shi kujera, ya tambayi iyayensa da ƙauyensu, ya karɓi takardarsa da hannu biyu, sannan ya ce, "Allah ya sa da rabo. Ka riƙa leƙowa." Tsofaffin gari da suka san halinsa, da sun ji haka sai su nemi wata ƙofa. Amma wanda ya baro ƙauye da kuɗin aro, ya ga dattijo mai farin gemu ya yi masa fara'a, ai ya ɗauka an gama. Suka riƙa leƙowa kuwa. Tun safe za ka gan su a gindin mangwaro, wasu a kan benci, wasu a kan saiwa. Idan mota ta dawo su sauke kaya, idan tukunya ta yi nauyi su kama, duk don a san da zamansu. Har mai kunu da mai ƙosai suka kafa teburi a wurin, saboda kasuwa ta samu.

Ni kuwa a gidan Bappa ba suruka nake ba, 'ya nake. Mahaifina ya rasu kafin aurena, Bappa ya tsaya mini a komai, kuma shi ya nace wa babanku in ci gaba da aiki. "'Yata" yake kirana, a gida da ofis. Gida ɗaya muke, kuma ko da yake Dada, kakarku, tana girki, kwanona yake jira da yamma. Tuwon dawa da miyar kuɓewa da busasshen kifin Lau, in na yi masa wannan, kwanon kan dawo kamar an wanke. Ku riƙe zancen kwanon nan, don a kansa aka yi rigimar duka, ba a kan kujerar ofis ba.

Abin ya fara damuna ne lokacin da muka nemi ma'aikaciyar jinya. Wannan karon gurbin gaske ne, da albashi. Muka sa aka yi sanarwa a masallaci da coci, muka zauna jira. Masu satifiket ko ɗaya ba ta zo ba. Ina da wata maƙwabciya a lokacin, 'yarta Rahila ta gama makarantar jinya tana zaune a gida. Na tare ta a bakin famfo na ce ta zo mana. Yarinyar nan ta sauke bokiti ta yi dariya.

"Anti, Ma'aikatar Jira? Gara in sayar da kunu."

Na ce, "Ma'aikatar me?"

"Ba ki sani ba? Ai haka ake kiran ofishinku. Jiha ta samu Ma'aikatar Lafiya, ta samu ta Ilimi, ku kuma ta Jira. An ce kuna ciyar da marasa lafiya, masu lafiya kuma ku shanya su. Wai ko akwai aikin ma, kun riga kun ba naku, sauran ku sa su ɗaukar tukunya kyauta."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ƙarya ce, ba mu taɓa ba wa namu aiki a ɓoye ba. Amma da na kwana da maganar sai na ga ba laifin Rahila. Idan ba ka gaya wa mutum dalili ba, shi zai nemo wa kansa, kuma ba mai daɗi zai nemo ba. Na kai maganar wurin Bappa, na durƙusa kamar yadda na saba, na kewaya na kewaya sannan na faɗa. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"'Yata," ya ce, "ba ni da aikin ba shi, ba ni da kuɗin ba shi. Sai kuma in hana shi har da kalma mai daɗi? Mutum ya tako ƙafa ya zo wurina, in sa shi ya fita kansa a ƙasa?"

Na tashi na koma bakin aikina. Amsar ta zo ne da farkon damina, a bakin wani direba.

Istifanus sunansa, mutumin Kona, magidanci mai 'ya'ya. Direba ne kuma yana taɓa gyaran mota. Tun rani yake gindin mangwaro, duk lokacin da a-kori-kurarmu ta ƙi tashi shi ke shiga ƙarƙashinta, ba ya karɓar ko sisi. Ran nan ya shigo ɗakina da hularsa a hannu. Ya ce wani ɗan kasuwar shinkafa a Lau yana neman mai tuƙa masa babbar mota, kuma ya ce ba zai jira shi ya wuce ranar kasuwa ba.

"Madam, matana ya ce in tafi. Amma yanzun nan na shiga wurin Baba, ya ce Allah ya sa da rabo, in dinga leƙowa. Ni na fi son aikin nan, aikin Allah ne, kuma kusa da gida. Kina gani in bar na Lau?"

Ni ke zama a taron kwamiti. Na san motarmu ɗaya ce, tana da direbanta lafiyayye, kuma babu wata mota a hanya. Na san abin da 'yar gidan kirki za ta ce: ta ce sai abin da Bappa ya gani. Na dubi takalmin mutumin nan, roba ce an ɗaure da waya. Sai na ji bakina ya riga ni.

"Istifanus, babu aikin direba a nan. Babu bana, babu baɗi. Ka tafi Lau."

Kada ku ɗauka godiya ya yi. Ya tsaya yana kallona kamar na mare shi, sannan ya juya ya nufi ɗakin Bappa kai tsaye. Ƙofa a buɗe, tagar kuma tana kallon mangwaro. Da ƙarfi ya yi magana, kowa ya ji.

"Baba, Madam ya ce babu aiki. Ya ce ko baɗi babu. Gaskiya ne? Tun rani ina nan, Baba. Doya ma ban shuka ba."

Bappa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sunkuyar da kai, carbin ya tsaya a hannunsa. Shirun nan ya ishi kowa. Istifanus ya sa hularsa ya fita, mutanen gindin mangwaro suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe wando. Kafin azahar ba kowa sai mai ƙosai tana harara ta ta taga.

Da yamma na yi tuwo na aika. Dada ce da kanta ta dawo mini da kwanon, a rufe, da zafinsa. Ta ce, "Bappa ya ce ya ƙoshi, an gode." Kun ji, ko a fushi ba zai ce ba ya ci ba. Washegari haka, jibi haka. A ofis kuma na tashi daga 'yata na koma Malama. Bai ɗaga mini murya ba, bai hana ni komai ba, gaisuwata ma yana amsawa da "jam" ɗinsa na Fulatanci kamar kullum. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Babanku ya rasa inda zai sa kansa.

"Ki je ki ba shi haƙuri mana, Hauwa. Me zai rage ki?"

Na ce, "Na ba shi haƙuri a kan kunyar da ya sha, har sau biyu. Amma in ce na yi kuskure da na gaya wa mutumin nan gaskiya, wannan ba zan iya ba. Da na yi shiru da yanzu 'ya'yansa na cin me?"

Dada kuwa ta ce, "Ke dai bakinki ba shi da murfi. Mutum ya shekara saba'in yana rufa wa jama'a asiri, ke kin yaye nasa da hantsi." Amma duk da faɗanta, ita ke zuwa ɗaukar kwanon kullum, kuma ba ta taɓa ce mini in daina aikawa ba. Ni ma ban daina ba. Kullum in girka, kullum ya dawo, ku ku cinye da safe da ɗumame. Ina jin wannan daminar ce kuka fi ƙiba a rayuwarku. Ni kuwa na rame, don ciwon abin ya ci ni. Na rasa uba sau ɗaya, ga shi ina neman rasa na biyu yana zaune a gida ɗaya da ni.

Tunda dai an riga an ɓata, na ce to a ɓata da amfani. A taron kwamiti na gaba na nemi izini na yi magana, abin da mai tafireta ba ta yi. Na ce daga yau idan babu gurbi a faɗa babu tun a bakin ƙofa. Idan akwai, a yi sanarwa, a yi intabiyu, wanda bai samu ba a kira shi a gaya masa baki da baki, da dalili, kafin sati ya zagayo. Mai son aikin sa kai kuma ya zo don Allah, a gaya masa tun farko cewa ba hanyar albashi ba ce. Fasto Bitrus ya goyi bayana, don shi ma zancen Ma'aikatar Jira ya iske shi har cikin coci. Kowa ya juya ga Bappa. Ya ce, "Allah ya sa alheri ne." Aka ɗauka ya yarda. Sai dai da aka zo kan wanda zai riƙa gaya wa mutane ba su samu ba, duk dattawan nan sai kowa ya shiga gyaran hula. Aikin ya faɗo kaina.

Haka na zama Madam Babu, sunan da ya bi ni har kasuwa. Ba aiki mai daɗi ba ne. Na ga magidanci ya yi ƙwalla, na ga yarinya ta yaga takardarta a gabana, wani ya ce sai Allah ya saka masa. Amma sannu a hankali sai na lura da wani abu. Wanda na ce wa babu, idan muka haɗu a hanya yakan gaishe ni. Wani ya dawo ya ce na ce masa rubutunsa ne bai yi ba, ga shi ya je ya koyi tafireta, ya samu aiki a sakatariya. Istifanus dai ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba. Sai ga ƙanwarsa ta zo neman aikin girki, ta ce shi ya turo ta daga Lau, wai ya ce ta je, yanzu a ofishinmu ana gaya wa mutum matsayinsa. Duk da haka masu manyan takardu ba su saki jiki da mu ba. Rahila ta ce mini, "Anti, ƙananan ayyuka ne kuke yi wa haka. Bari babba ya fito mu gani, ai 'yar gida za a ba."

Babban kuwa ya fito bayan girbi. Masu tallafa mana suka ce aiki ya yi yawa, sai an naɗa shugaban ofis. Na nema, kuma ina so ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na san ofishin nan kamar ɗakina, na san kowane majinyaci da kowace hanya da mota ke maƙalewa. Gari duka ya gama yanke hukunci cewa nawa ne. Mutum kaɗan suka nema tare da ni, cikinsu da wani Malam Yakubu da ya taɓa riƙe ofishin wani asibitin mishan. Bappa ya ce shi ba zai zauna a intabiyun ba tunda da surukarsa a ciki, don haka Fasto da mutum biyu suka yi. To masu cewa ya hana ni, su faɗa mini da wane hannu, mutumin da ko ɗakin bai shiga ba.

Yakubu suka zaɓa. Sai matsala ta taso: mai gaya wa mutane babu, yau ita ce za a gaya wa. Daga baya Fasto ya ba ni labarin cewa ya ce wa Bappa ya bar masa, shi zai same ni a hankali, ko a bi ta wurin babanku. Bappa ya ce, "Ni ne shugaban ƙungiya. Ku kira mini ita."

Na shiga na durƙusa. Na kai hannu zan tura ƙofa, ya ce in bar ta. A waje akwai masu jiran intabiyun aikin girki da masu kawo kayan abinci, duk suna iya ji. Ya buɗe baki ya rufe. Sannan ya ɗago, ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa.

"'Yata, ba ki samu ba."

Ban san wanne ya fi duka na ba, rashin aikin ko sunan da ya kira ni. Na ce, tunda dokata ce, "Bappa, da dalili ake faɗa."

"Yakubu ya taɓa riƙe ofis, ke ba ki taɓa ba. Turancinsa na rubutu ya fi naki, kuma da shi za a riƙa yi wa mutanen nan bayani. Kin fi shi sanin jama'a, amma ba shi aka fi nema ba wannan karon."

Gaskiya ce, kowace kalma. Na yi kuka a wurin, ba kukan munafunci ba, kukan wanda ya so abu ya rasa. Ya bar ni har na share fuska. Da na miƙe zan fita ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe haka yake da nauyi. Kuma ke kaɗai muka bar wa."

Kafin la'asar labari ya zaga Jalingo cewa Bappa ya ce wa surukarsa babu, ƙofa a buɗe. Wasu suka ce ramuwa ce, daga bakinsu zancen ya iso gare ku. Masu neman aiki kuwa ba haka suka ji shi ba. Sati bai cika ba Rahila ta zo neman gurbin jinyar nan da satifiket ɗinta, da ƙawayenta biyu a bayanta. Ta yi aiki da mu har ta yi aure. Daga nan duk gurbin da muka sanar sai mun rasa inda za mu zaunar da mutane, kuma sunan Ma'aikatar Jira ya mutu, sai tsofaffi irina ke tuna shi. Ni kuma na ci gaba da tafireta a ƙarƙashin Yakubu shekaru masu yawa. Shugabancin bai sake zagayowa kaina ba, wannan shi ne abin da na biya, kuma in za a sake sai in sake.

Amma ba wannan nake so ku riƙe ba. A yammacin ranar, idona a kumbure, na ce ba zan girka ba. Sai kuma na ga hannuna ya riga ya ɗora tukunya. Na yi tuwon dawa da miyar kuɓewa, na saka kifin da ya rage, hankalina ba ya wurin. Dada ta zo ta ɗauka. Na zauna a bakin murhu ina jiran ya dawo a rufe kamar kullum.

Bayan magariba na ji takunta. Ta ajiye kwanon a gabana, murfin a gefe, ko loma babu a ciki. Ta tsaya tana danne dariya.

"Bappa ya ce a gaya miki baki da baki," in ji ta. "Wai gishiri bai ji ba. Gobe ki ƙara."